Ranar da Aka Tsinci Taguwa

Ni na hana Kawu Iliyasu yawon cigiya, gara in faɗi wannan da bakina tun farko kafin wani ya tuna mini. Taguwar da aka ba shi kiwo, wato raƙuma, ta ɓace a ƙarshen watan Maris, ya yi kwana shida yana bin kasuwanni da rijiyoyi a kan jaki cikin zafin bazara, mutumin da ya haura sittin. Da ya biyo ta Mayahi ya sauka gidanmu, na ga leɓensa duk ya tsattsage, idanunsa sun faɗa. Haushi ya kama ni. Na ce meye amfanin karatun da na yi a Maraɗi, idan wan mahaifiyata zai kashe kansa a hanya yana neman abin da waya za ta nuna masa daga zaune?

Akwai shafin cigiya, kuma ni na gina shi. Wata ƙungiyar makiyaya da manoma ce ta ɗauke ni aiki shekara biyu da suka wuce, mai rassa daga Mayahi har ƙasar Tasawa. Tsarinsu mai sauƙi ne. Duk wanda ya tsinci dabba ya kai wa mai garinsu, mai gari ya sa a rubuta takarda, a ɗauki hoto, a aiko biron ƙungiya, wato ofishinmu. Sakatarenmu Ƙadri ya shigar da ita rajista, ta fito a shafi, mai ita ya gani ya je da shaidu. In aka yi kwana talatin ba wanda ya zo, sai a miƙa ta ga hukuma a yi gwanjonta.

Kawu kuwa sana'arsa ke nan tun kafin a haife ni, kiwon dabbobin mutane. 'Yan kasuwar Mayahi da ma'aikata su sayi tunkiya ko saniya ko raƙumi, su tura zangonsa da ke arewa da Gidan Amumune. Ba takarda, ba sa hannu. Idan ya ce ta haihu, ta haihu. Idan ya ce ta mutu, ta mutu, ba mai cewa a nuna masa fata. Iyakar jarinsa a duniya ke nan, a ce Iliyasu ya faɗa. Taguwar da ta ɓace ta Alhaji Ɗahiru ce, mai shagon hatsi a bakin kasuwa, wanda suka yi shekara talatin suna hulɗa.

Na karɓi wayar da ɗansa ya aiko masa daga Agadas, na buɗe shafin, na ajiye masa shi a fuskar wayar inda zai taɓa sau ɗaya. Ran shida ga Afrilu ke nan.

"Kawu, ba sai ka karanta ba, hotuna za ka duba. Kullum da sahe ka hau inda ke da rezo, inda waya ka kamawa, ka ja da yatsa haka. Duk dabbar da anka tsinta daga nan har Tasawa, nan za ta hito."

Ya daɗe yana kallon wayar. "Ɗiyata, kin tabbata? Ni na saba in tahi da ƙahwata in tambayi mutane."

"Ƙahwarka ba ta kai inda wanga abu ka kaiwa. Ka huta, don Allah."

Ya ce to. Ya koma gida ya ɗaure jakinsa.

Dole in ɗan yi bayanin yadda abin ke aiki, domin a nan na tafka ta'asar. Shafin ba ajiye yake ba kamar takarda a aljihun tebur. Akwai ƙira guda, irin mul ɗin da ake buga bulo, akwai kuma rajistar dabbobi. Duk sanda waya ta nemi shafin, sai sarber, wato na'urar da ke riƙe da komai a can nesa, ta zuba abin da ke rajista cikin ƙirar ta miƙa. Hotunan ƙanana ne, na cusa su cikin shafin kansa don komai ya sauko a tafi ɗaya, amma duk da haka ga mai rezon ƙauye nauyi ne. Mutum ya tsaya a rana yana jiran awaki takwas su sauko, awakin da ya riga ya gani jiya. Shi ya sa na yi dabarar da masu wannan aiki ke yi. Duk shafin da ya fita, ana liƙa masa wani ɗan layi da mai waya ba ya gani, sunansa Last-Modified, wato ranar da aka yi canji na ƙarshe. Waya ta adana shafin da ranar. Gobe in ta dawo ba ta cewa a ba ta shafi, tambaya take yi: tun rana kaza an canja wani abu? In ba a canja ba, sarber ta amsa da lamba uku kacal, 304, ma'ana abin da ke hannunki ya isa. Sai wayar ta fito da wanda ta adana.

Abin tambaya shi ne wace rana za a liƙa wa shafin da ba shi da ranar haihuwa. Da farko ranar ƙirar sarber ke ɗauka, ƙirar da nake yin wata da watanni ban taɓa ba. Wannan kuskuren 'yan koyo ne, na kama shi tun makon farko, na yi ta fasa kai a biro har Ƙadri ya gaji da ni. Na gyara na ce a riƙa duba rajista, a ɗauki kwanan wata mafi sabo a cikinta. Na gwada, ya yi. Shekara biyu ba wanda ya kawo ƙara.

Ran ashirin da biyar ga Afrilu, ina biro da hantsi, sai ga Mas'udu, babban ɗan Alhaji Ɗahiru, wanda ke tsare masa shago. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya ajiye wayarsa a kan teburina.

"Zulfa, wagga ba taguwarmu ba ce?"

Ita ce. Ja mai farin goshi, da shaidar wuta a wuya. An tsince ta a wani ƙauye kusa da Hawandawaki, can wajen da aka sayo ta tun tana ƙarama. Na yi hamdala da ƙarfi, har na fara neman lambar Kawu. Mas'udu bai yi murmushi ba.

"Na tambayi Malam Ƙadri a waje. Ya ce tun ran tara ga wata ya saka ta. Kwana sha shidda ke nan. Kawunki kau kullum Baba ya kira shi, sai ya ce ya duba da sahe, babu komi. Ni yau na hwara buɗe abin, ko minti ban yi ba na gan ta."

"To mi kake nuhi?"

"Sauran kwana bakwai a yi gwanjo. Taguwar da ba mai ita, kin san yadda ake saye nata. Mutum ya tura wani ya tsaya mishi, shi ke nan."

Na miƙe tsaye na ce ya fita mini daga biro. Ya fita, amma maganar ta riga shi fita, domin kafin azahar ta zagaye kasuwa. Wai Iliyasu ya ga taguwar ya yi gum, yana jiran a yi gwanjo ya mallake ta ta bayan fage.

Na buɗe ordinater, wato kwamfutar aikina. Sarber tana rubuta duk wayar da ta zo da amsar da aka ba ta, don haka ban sha wahalar gano wayar Kawu ba. Ga ta nan ran shida ga wata, an ba ta cikakken shafi. Daga nan kullum, bayan sallar asuba da kaɗan, ga ta ta dawo. Bakwai ga wata, 304. Takwas, 304. Tara, goma, sha ɗaya, har safiyar ranar nan, bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Sau goma sha tara ya hau tudu ya tambaya, sau goma sha tara abin da na gina da hannuna ya ce masa babu sabon labari.

Na kira Ƙadri. Tsohon mushen lekol ne, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya, mutum mai alƙalamin bik uku a aljihu wanda bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, kuma abin haushin shi ne da wuya yake yi.

"Malam Ƙadri, ran tara ka saka taguwar, don mi rajista ta ce biyu ga wata?"

Ya gyara tabarau. "Date de découverte, Zulfa. Ranar da anka tsince ta. Ita ce a takardar mai gari, daga ita ake ƙirga kwana talatin. In na rubuta ranar da takarda ta iso, na ƙara ma dabba mako guda da ba nata ba."

"Takardar mako guda ta yi a hanya?"

"Sai ran kasuwa suke samun ɗan kabu-kabu mai babur mai zuwa Tasawa, can ma sai an samu mai zuwa nan. Ke kina zaton takarda tashi take yi?"

Na dafe kai. Gurbin kwanan wata ɗaya ne a rajistata, domin kayen da na kwafa, wato tsohon littafin rajistar ƙungiya, gurbi ɗaya gare shi, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi wace rana ake rubutawa a ciki ba. Akwai wata tunkiya da aka tsinta nan kusa da Mayahi ran huɗu ga wata, aka shigar da ita a ranar. Ita ce mafi sabo. Da taguwa ta shigo da biyu ga wata, sarber ta duba ta ga har yanzu huɗu ce kan gaba, ta ci gaba da cewa ba abin da ya canja. A da, dabbobin kusa kan shigo a kai a kai su tura ranar gaba, ɓarnar ta rufu ba wanda ya lura. Wannan watan kuwa duk takardun da suka biyo bayan tunkiyar na nesa ne, masu tsohuwar rana. Wanda bai taɓa buɗe shafin ba, irin Mas'udu, shi ake ba sabo. Wanda ya fi kowa naci, shi aka rufe wa ido.

"Laihin wa ke nan?" in ji Ƙadri.

"Nawa," na ce, kuma ban ji daɗin yadda ya gyaɗa kai da sauri ba.

Gyaran ba zai ci minti goma ba, har na ɗora yatsu a kan madannai. Sai na tsaya. In na gyara, gobe da asuba wayar Kawu za ta karɓi sabon shafi, taguwa ta bayyana, kuma ba abin da zai rage a duniya da zai nuna cewa jiya ba ta nan. Ɓarnar ita ce kaɗai shaidarsa. Alhaji Ɗahiru ya riga ya kai magana gaban mai garin su Kawu, an sa zama jibi da hantsi. Abin da nake bukata kawai shi ne a ajiye waya biyu gefe da gefe a gaban dattawa, ɗaya da taguwa, ɗaya babu.

Na juya wajen Ƙadri. "Don Allah kar ka saka komi a rajista sai jibi da azahar. Ko mi ya zo, ka aje shi a tebur. Dabba guda mai sabuwar rana ta shiga, wayar Kawu ta sabunta, shi ke nan mun rasa shaida."

"Kina nuhin in ɓoye cigiyar mutane?"

"Kwana biyu kaɗai."

Ya ɗan taɓe baki. "Za mu gani."

Da ina da hankali da na rufe masa ƙofar shiga rajistar gaba ɗaya, abin da layi ɗaya zai yi. Kunya ta hana ni, wai kar in wulaƙanta sa'an ubana.

Washegari na buga jerin amsoshin sarber a takarda, na hau kabu-kabu zuwa Gidan Amumune, daga nan wani ya ƙarasa da ni cikin yashi. Na tarar da Kawu a bakin rijiya yana shayar da garke, fiye da kai sittin na mutane daban-daban. Ya ji maganar da ake yi. Amma tambayar mutan gida ya shiga yi mini ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da ko suna bai riƙe ba. Na yi masa bayani iya yina. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato tana nan, wayar ce ba ta hwaɗa min ba."

"Ba wayar ba ce, Kawu. Ni ce."

"Tana cin abinci dai? Can wajen ba su san kiwon raƙumi ba."

Muka hau tudun da ke bayan rijiya, inda yake samun rezo. Na ja shafin da yatsa a wayarsa, ya fito nan take, dabbobi takwas, tunkiyar nan a sama, ba taguwa. Na buɗe a tawa wayar, ga taguwa. Na ɗauki hoton fuskar wayarsa, na kashe konekisiyon, na saka ta cikin jakata. Da asubar ranar zaman ma na sake hawa na gwada wayar, tana nan yadda take, ba taguwa. Na sauko ina jin kamar na riga na ci shari'a.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo a ƙofar gidan mai gari. Ga mai gari, ga liman, ga dattawa biyar ko shida, ga Alhaji Ɗahiru da Mas'udu da suka zo da mota. Mutanen zango suka tsaya daga nesa kamar ba saurare suke yi ba. Mas'udu ya yi magana, ya nuna wayarsa, aka zagaya da ita hannu zuwa hannu. Sannan mai gari ya ce ɗiyar ƙanwar Iliyasu tana da abin cewa.

Na durƙusa daga gefen tabarma na gaishe su. Na yi bayanin ƙira da rajista, na ga idanu sun fara lumshewa, sai na taƙaita na fito da wayar Kawu na nuna musu shafin da ke ciki. Ba taguwa. Dattawa suka matso.

Mas'udu ya leƙo ya yi dariya. "Konekisiyon a kashe take, ranka shi daɗe. Kowace waya in ka kashe ta, tsohon abu za ta nuna. Ta kunna mu gani."

Abin da nake jira ke nan. Na ce a nan ba rezo, sai an hau tudu. Ban zaci za su yarda ba, amma mai gari ya nemi sandarsa. Haka muka ɗunguma, dattawa suna tattare riguna suna nishi, takalma na nutsewa cikin yashi mai zafi, liman yana tsayawa yana hutawa. Kawu ne a gaba, shi da ya san inda ake taka ƙafa. A can sama suka kewaye ni. Na ɗaga wayar yadda kowa zai gani, na kunna konekisiyon, na ja da yatsa.

Ɗan da'irar ya fara juyawa. Amsar 304 ba ta da nauyi, ƙiftawar ido take zuwa. Wannan kuwa ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa.

Shafin ya sauko. A sama wani baƙin jaki, an tsince shi jiya. A ƙasa kaɗan, ga ta nan, ja mai farin goshi.

"To," in ji Mas'udu. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na fara magana da sauri. Na ce an shigar da sabuwar dabba ne da safen nan, shi ya sa. Na nuna hoton da na ɗauka jiya, Mas'udu ya ce hoto ai ko na watan jiya ana iya nunawa. Na zaro takardar, na ce ga shi a rubuce, ga kowace safiya da Kawu ya hau nan, ga amsar da aka ba shi. Mai gari ya karɓa, ya duba gaba, ya juya baya, ya miƙa wa liman. Liman ya bi layukan da yatsa a hankali.

"Wa ya rubuta wanga?"

"Na'ura ce, Malam, da kanta take rubutawa."

"Wa ka riƙon na'urar?"

"Ni."

"Ke kau ɗiyar ƙanwarshi ce."

Bai faɗa da mugunta ba. Ya naɗe takardar da kyau ya mayar mini.

Muka sauko. Da aka koma kan tabarma, Kawu ya cire takalmansa ya matsa gaba. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Malam, a kawo Alƙur'ani. In yi alwala in dahwa. Ban ga taguwar ga ba sai jiya a wayar yarinyar ga."

Alhaji Ɗahiru ya ɗaga hannu da sauri. "A'a, a'a. Subhanallahi. Ni in sa Iliyasu rantsuwa? Shekara talatin muna tare. Dabba ta samu, gobe Mas'udu shi tahi shi ɗauko ta. Ko mi ya hwaru, na yahe. Duniya da lahira na yahe."

"Ba yahiya nike so ba, Alhaji. Mi na yi da za a yahe min? A bar ni in rantse."

Dattawa suka yi caa, kowa na yaba wa Alhaji. Kai, an gode, haka manya ke yi. Mai gari ya ce mai abu ya yafe, magana ta ƙare, ba a tayar da abin da ya kwanta. Kawu ya sake cewa a kawo Littafin, liman ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, Allah ya san komai. Aka shafa fatiha a kan maganarsa yana tsakiyar yin ta. Ni kuwa ina durƙushe da takarda a hannu, ji nake kamar in kurma ihu. Da sun ce masa ɓarawo a fili, da akwai abin da za a yi faɗa da shi.

Ina samun rezo na kira Ƙadri. Ban gaishe shi ba.

"Na roƙe ka. Kwana biyu na ce."

"Zulfa, saurara. Jakin wata tsohuwa ne mai saida ruwa, da shi take ci. Wanda ya tsince shi da kanshi ya zo ya tsaya min a ka. In ce mishi mi? Ka jira, muna ɓoye jakin mutane don kawun ma'aikaciyarmu? C'est pas sérieux, wagga ba magana ba ce. Kuma ta gani, ta zo ta ɗauki abinta tun kahin azahar."

Na kashe wayar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban sami inda zan ce ya yi laifi ba.

Na koma Mayahi na yi gyaran. Na ƙara gurbi na biyu a rajista wanda ba hannun mutum ke cika shi ba, na'ura ce ke buga lokacin duk sanda aka shigar da dabba, ko aka gyara, ko aka cire. Na ce a riƙa kwatanta wannan da ranar ƙira, wanda ya fi sabo shi za a liƙa wa shafi. Na shigar da akuyar ƙarya mai ranar bara don gwaji, wayata ta gan ta nan take, na goge ta. Shayin da Ƙadri ya ajiye mini don sulhu ko hucewa bai yi ba na gama. Na rubuta wa shugabannin ƙungiya bayani shafi biyu, da Hausa da Faransanci, na roƙi a karanta a kasuwa. Suka ce za a duba, kada a zubar wa shafin da mutunci a idon jama'a.

Ba wanda ya sake kiran sunan taguwa. Alhaji Ɗahiru ya ɗauko abarsa ya kai wa wani makiyayi, ya ce wai can ya fi kusa. Bayan kwana uku ya aiko a kwaso shanunsa ma. Sai wani ma'aikacin asibiti ya tuna yana son tumakinsa su dawo gida yara su saba da su. Sai wani mai shagon yadi ya ce ƙaninsa ya dawo daga ci-rani ba shi da abin yi. Kowa da gaisuwarsa, kowa da goronsa, kowa da dalilinsa mai kyau. Na bi wasu har shago ina musu bayani da waya a hannu. Su saurara, su ce Allah sarki, ai mun san Iliyasu, mu ba mu zarge shi ba. Washegari su aika a karɓo nasu.

Cikin mako uku garken ya koma abin da yaro zai ƙirga da yatsu.

Babana ma yana da tumaki uku a wurinsa. Wata safiya ina shirin fita, ya kira ni zaure, yana ta gyaran rediyon da ba abin da ya same ta.

"Zulfa, in kin samu hanya ki biya wajen kawunki ki taho min da tumakin nan. Layya ta matso."

"Baba, biyu ciki gare su. Da su za ka yi layya?"

"Ke dai ki taho da su."

"Kai ma? Kai da na zaunar da kai na nuna maka komi?"

"Na yarda da ke. Amma mutane na kallo, kuma ni ma cikin kasuwar ga nike zaune." Bai ɗago ya dube ni ba. Mahaifiyata tana bayan ƙofa, na ji ta ajiye kwano da ƙarfi ta shige ɗaki.

Na ce ba inda za ni, ya aiki wanda ya ga dama. Muka yi kwana biyu ba ma magana. A na uku na hau kabu-kabu, ba don tumaki ba. Na yi niyyar in je in gaida Kawu, in kwana biyu wurinsa, in dawo hannu wofi in ce wa Baba ya je da kansa in yana da idon yin haka.

Na iske shi a bayan gida. Garken da ke cika fili ya koma 'yan awakinsa da jaki. A gindin aduwa kuwa ga tumaki uku an ware su, an ɗaure da sabuwar igiya, an zuba musu harawa.

Muka gaisa. Ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce gaisuwa kawai na zo.

"Na sani," ya ce. Ya sunkuya yana kwance igiyar daga jikin itace. "Tun shekaranjiya na ware su. Na san za a aiko. Ban dai yi zaton ke za a aiko ba."

"Kawu, wallahi ba zan tahi da su ba."

"Za ki tahi da su. In kin koma babu su, sai ya sake aikowa, kunyar ta zama biyu, kuma uwarki ce a tsakani." Ya kama hannuna ya saka igiyar a ciki, ya naɗe mini yatsu a kai. "Mai baƙin kunnen nan ta kusa haihuwa, kar ki bari a ɗora ta bisa moton kabu-kabu. Ki jira amalanken da ka zuwa Gidan Amumune da la'asar. Ki ce ma babanki tana son gishiri."

Ya juya ya ɗauki guga ya nufi rijiya, 'yan awakin suka bi shi. Na tsaya a gindin aduwar da igiya a hannu ina jiran la'asar.